Ramin da Doka Ba Ta Haƙa Min Ba

Da cikin matata na fari ya tsufa, mahaifiyata ta taho daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna da ƙullin acca da umarni guda: mabiyar jariri ba za ta kwana a asibiti ba. A wurinmu uba ne ke haƙa rami ya binne ta da hannunsa, don yaro ya san yana da ƙasa. Wanda aka zubar da tasa a shara, in ji Mama, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya.

Sai wani abokin aikina ya ce min asibitocin birni ƙone ta suke yi, ba sa bayarwa. Ni kuwa a lokacin akawu ne, kuma na taɓa ba da shaida a kotu, tun daga ranar nake jin kaina rabin lauya. Ban je na tambayi asibitin ba, don a ganina tambaya ta marasa boko ce. Na ɗaura taye, na hau bas daga unguwarmu Kakuri a cikin garin Kaduna, na tsallaka gada zuwa laburare.

Matar da ke kula da littattafai ta tambaye ni abin da nake nema. Kunya ta hana ni furta sunan abin a gaban mace.

"Dokar lafiya," na ce. "Gaba ɗayanta."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta jibge min kundaye har suka kusa rufe min fuska. Na karanta yadda ake ba asibiti lasisi, yadda ake killace mai cuta mai yaɗuwa, har yadda ake ɗaukar gawa daga gari zuwa gari. Kullum bayan an tashi aiki ina can, matata kuwa tana gida da kumburarrun ƙafafu tana jiran in dawo in yi mata lacca. Daga ƙarshe na tarar da wani sashe kan jini da sassan jikin mutum. Bai ambaci mabiya ba, amma wanda bai samu tuwo ba ai ba ya raina ƙanzo. Na haddace shi, na riƙa gwada jawabina a gaban madubi, har da nuni da yatsa.

Matata ta haihu da rana tsaka, mace. Ko jaririyar ban gama kallo ba na nufi nas, na gyara murya.

"Sista, bisa tanadin doka..."

"Oga, kai ne maigidan? Tun ɗazu muke nemanka." Ta miƙo min roba mai murfi. "Ga kayanku. A wanke da kyau kafin a binne."

Gaskiya na ji haushi. Ko ɗan musu ba ta yi ba.

Da muka isa gida Mama ta miƙo min fartanya, ta ce, "Ina za ka haƙa?" A nan na tsaya da taye a wuya, roba a hannu, ina kallon tsakar gidan hayarmu. Siminti ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Duk zaman laburaren nan ban taɓa tunanin ƙasa ba. Ƙauye tafiyar yini ce, ga zafi, abin da ke cikin robar kuwa ba ya jira. Da na shirya da wuri, da an san yadda aka yi.

Hajiya, matar mai gidan, ce ta fito ta nuna min gindin gwaiba a bayan ɗakin girki, inda kaɗai siminti bai kai ba.

"Malam, haƙa nan. Na 'ya'yana ma suna nan."

Na haƙa, tafin hannuna na akawu ya yi bororo. Mama ta tsaya a kaina har na mayar da ƙasa na daddanna. Sannan ta ce, a hankali, "To, ka ba Kakuri ita." Maganar ta soke ni, don na san abin da ta so ke nan: jikarta ta zama tamu, ta can gida.

Mun daɗe da barin gidan, muna Gonin Gora yanzu, Mama kuma ta rasu. Yarinyar ta girma. Duk Kirsimeti sai na yi ta lallashi kafin ta bi mu ƙauye, kuma in aka tambaye ta garinsu, ba ta ko duba fuskata take cewa Kakuri. Ba na gyara mata. Ni na haƙa ramin.