Kwalaben Laka na Yaya Ramatu

Ranar wata Asabar ta watan Mayu, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, na buɗe firigon Inna da safe na tarar da wata baƙar leda kwance a kan ƙanƙara. A cikinta akwai ƙananan kwalabe na roba goma sha biyu, kowace cike da laka, jikinsu duk taɓo da baƙin rubutu. Gidanmu yana Kalley, kuma da wannan firigo muke ci, domin Inna ƙanƙara da zoɓo take sayarwa ga 'yan kasuwa. Dokarta ɗaya ce: abin da ba a wanke ba ba ya shiga ciki. Wankin kwalabe kuwa aikina ne kullum kafin in fita wasan carafke, kuma da tsarinsa. Da farko a jiƙa, sai a goge da soso da sabulu har tambarin ya fita, sannan a ɗauraye sau biyu a jera. Haka na yi wa waɗannan. Ban buɗe ko ɗaya ba, na dai dirje su har suka yi fes, na jera su daga mai duhun laka zuwa mai haske, na tsaya ina jiran yabo.

Kwalaben na babbar yayata ne, Ramatu, wadda take shekarar ƙarshe a jami'a. Mako uku ta yi tana bin gaɓar kogi daga Tondibiya zuwa ƙarƙashin gada, lokacin da ruwa ya janye, tana ɗibar laka wuri bayan wuri. Ta dawo ranar Juma'a bayan an rufe labo, ɗakin bincike na jami'a, shi ya sa ta ajiye su gida. Baƙin rubutun da na kankare shi ne lambar kowane wuri, kuma a kan waɗannan lambobi aikin kammala karatunta ya tsaya. Da ta fito ta gan su, ta ɗauki ɗaya ta duba jikinta. Sai ta ce, "Zainabu, kin iya wanki," ta zauna a kan turmi.

Baba ya ce mata ai ita ta ɗebo su, ta dubi launinsu ta mayar da lambobin. Ta jera su a tabarma, ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta ce huɗu ta gane, takwas kuma zato ne kawai. Inna ta ce ba wanda zai sani. Ta amsa a hankali, "Inna, abin da ban tabbatar ba ba na rubuta shi." Komawa kogi bai yiwu ba, domin ruwan farko ya sauka cikin makon nan, kogi ya fara rufe wuraren. Sai ta jira rani mai zuwa. Abokan karatunta suka gama, suka ɗauki hotuna, ita tana gida tana taya Inna ƙulla ƙanƙara.

Na yi tsammanin duka, ban samu ba. Maimakon haka ta karɓi allona na lakwal ta nuna mini abin da na ɓata. Ta ce cikin lakar akwai halittu da ido ba ya gani, kuma a jikin kowace halitta, da su da kifi da mu, akwai wata 'yar masana'anta mai suna ribosom da ke haɗa abin gina jiki. Ƙashin bayanta wani zare ne da ake kira RNA, mai haruffa huɗu kacal a jere, wanda yake naɗe kansa kamar kitso. Ta zana shi da alli, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ta ce jerin nan ba ya sauyawa sai a hankali ƙwarai, saboda haka idan aka ɗora na halittu biyu gefe da gefe, yawan bambancinsu yana nuna nisan zumuncinsu, kamar yadda tsofaffi suke lissafa kakanni. Abin da take son sani shi ne wane dangi yake zaune a wane wuri na kogin. Ba tare da lamba ba, tana da dangin amma ba ta da gidajensu. Ban gane duka ba, amma na gane cewa ƙwayar da ke cikin taɓo 'yar'uwata ce ta nesa, kuma akwai masu iya ƙirga nisan.

Da rani ya dawo ta sake bin gaɓar tun daga farko, ta gama karatunta a bayan tsararrakinta da shekara ɗaya.

Ni karatuna bai yi nisa ba, na tsaya a kolej na kama ɗinki. Yaya Ramatu har yanzu wannan zaren take bi, furfura ta fara fito mata. Ta ce yau na'ura tana karanta cikin kwanaki abin da dā sai an aika waje an jira watanni. Gidan Kalley ya zama shaguna, firigon ya mutu tun kafin Inna ta rasu. Wani lokaci ina kewar tsakar gidan nan da ƙarar kwalabe a cikin baho. Shekarar da na cinye mata, ba ta taɓa ambatonta ba, ni kaɗai nake ƙirga ta.