Kawu Sale da Akwatin Hira

Duk wanda ya zauna da Kawu Sale a Doguwa ya san ba ya magana mai muhimmanci sai ya kife wayarsa da kwanon tuwo. Wai tana da kunne. Amma kuma a kan rufin gidansa eriyar ƙungiyarmu take, wadda ke raba intanet har asibitin unguwa, don gidansa ne ya fi kowanne tudu. In ya zare waya ɗaya daga jikin eriyar, kowa ya shiga duhu. Kuma yana zarewa, wallahi!

Da muka ga in sabis ya ɗauke sai an hau babur an bi mutane gida-gida, muka taru a zaurensa mu zaɓi manhajar hira. Habu, mai yi mana gyara, ya nuna ta farko, ya ce, "Kawu, wannan kyauta ce."

"Kyauta? Mai ita ɗan'uwan babanka ne?"

Aka kawo ta biyu, ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa. Ya ja tsaki. "Surukina ma da ya ba ni Inna bai tambayi sunayen abokaina ba."

Ta uku kuwa, da ya ji tana faɗa wa mutane lokacin da ka karanta saƙo, sai ya tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Magulmaciya ce ma!"

Muka gaji, muka buɗe guruf a ɓoye ba da shi ba. Ban san wanda ya kai masa ba. Da azahar sabis ya ɗauke ɗif, malamar asibiti ta aiko tana faɗa. Muka ruga, muka tarar da shi a tabarma yana ɓare gyaɗa, wayar eriya a cinyarsa. Ya ce, "To, ku tattauna matsalar a guruf ɗin naku mana."

Haushi kamar in yi kuka. Habu ne ya durƙusa ya ce akwai manhajar da za mu ɗora a ƙaramar kwamfuta tamu ta kanmu.

"Maganar tamu a ina za ta kwana?"

"A akwatin nan, a zaurenka."

Nan take ya sa masa kwaɗo.

Sai ga Kawu ya fi kowa surutu. Rubutu dai a'a, sai murya, kuma sai ya yi sallama ya gaida kowa da sunansa, ya gida, ya gona, ya jikin tsohuwa. Ranar da iska ta karkatar da eriya, kafin ya iso kan batun, Habu ya hau ya gyara ya sauko.

Da Kawu ya rasu, bayan sadakar bakwai aka ce in cire sunansa daga guruf. Na danna, sai manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba, na ajiye wayar. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kwantar da shi inda babu abin zargi.