Dalmar Agogon Keziah

Asahel Tibbals bai taɓa harba bindiga ba a yaƙinmu da Ingila. Tartsatsin wuta ya lalata masa idon dama tun yana koyon sana'a, don haka ranar da aka tara mazan ƙauyenmu na Wexbury a filin majami'a, shugaban soja ya dube shi sau ɗaya ya ce ya koma gida. Ɗan gajere ne, mai tafiya da hannuwa a baya, bai yi aure ba har ya mutu. Shekara bakwai ya yi a Norwich yana koyon gyaran agogo, ya dawo ya tarar da agogo goma sha tara a duk ƙauyen, ya ɗauke su tamkar 'ya'yansa. Kowace Litinin sai ya zaga su gida gida da ƙaramin agogonsa na aljihu. In ya sami wanda ya makara da minti biyu, zai tsaya ya yi masa faɗa a hankali kafin ya gyara shi.

A watan Yuli na shekarar 1776 labari ya iso cewa jiragen Sarkin Ingila sun cika bakin ruwan New York, sojanmu kuma ga bindigogi amma harsashi ya yi ƙaranci. Kwamitin gari ya ba da umarni a tattaro dalma duk inda take, ta tagogi, ta tarun kamun kifi, har ta agogo. Yaran yanzu ba su san wannan ba: agogon wancan zamani curin dalma ne ke tafiyar da shi. Tana rataye da igiya, tana sauka sannu a hankali, nauyinta na juya ƙafafun ciki, lilon ƙarfe kuma yana kai da komo. A cire ta, agogo ya mutu.

Asahel ya ce ba agogon da zai mutu a Wexbury yana raye. Ya riƙa zuwa bakin rafi yana zaɓo duwatsu, ya ɗora dalma a gefe ɗaya na sikeli, dutse a ɗaya gefen, ya yi ta sassaƙa har su daidaita, sannan ya ɗaure dutsen da waya ya rataye. Cikin kwana tara ya gama goma sha takwas. Duka na bango ne, igiyarsu a fili take, kome girman dutse zai sami wuri.

Na goma sha tara na yayarsa ne, Keziah Munson, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu shida, da ɗa guda, da wani dogon agogo na Landan mai akwatin katako, wanda ya fi mutum tsawo. Ɗan nan nata, Jared, yana cikin sojan da ke New York. A ƙasarmu kuwa ba a tsayar da agogon gida sai an yi mutuwa a gidan. Keziah ta tsayar da nata sau ɗaya, ranar da mijinta ya cika, ta kuma ce ba mai sa shi ya sake yin shiru alhali ɗanta na bakin daga.

Shugaban kwamiti shi ne Dattijo Eliakim Peck, dattijon majami'a, ƙaton mutum mai tumbi da murya kamar ta ganga. Ya aika mata cewa in dalmar ba ta iso ba kafin faɗuwar ranar Asabar, ran Lahadi bayan wa'azi za a karanta sunanta cikin masoyan Sarki. Wanda aka karanta sunansa haka, ba mai sayen cukunsa, ba mai amsa gaisuwarsa.

Ran Alhamis Asahel ya same ta tana tatsar nono.

"Yaya, za su karanta sunanki fa."

"Su karanta. Ai ba su suka raɗa mini shi ba."

"Dalmar nan Jared za a kai wa."

"To, in kashe shi a gida don in aika masa da harsashi? Asa, tun kana yaro kanka ba ya ja."

"In na cire ta ba tare da agogon ya tsaya ba fa?"

Ta daina tatsa, ta ɗago kai. Ya bayyana mata cewa ko an cire nauyi, lilon zai ci gaba da kaɗawa kamar minti guda da ƙarfin kansa, shi kuma rabin minti ya ishe shi. Nauyin dalmar ya san shi tun shekarun baya, laba goma sha biyu cif.

Ta ce, "In ya tsaya ko na ƙiftawar ido, kada ka ƙara ce mini Yaya."

Ran Asabar da misalin ƙarfe uku na yamma ya iso rungume da dutsensa, sumul, ya sha awo har sau huɗu. Dattijo Peck ya zo karɓar dalmar da kansa, cikin baƙar rigarsa, da wando iya gwiwa, da doguwar farar safa ta ulu wadda matarsa ta saƙa. Keziah ta ba shi ruwan tuffa ba tare da ta ce ya zauna ba.

Asahel ya buɗe 'yar siririyar ƙofar akwatin, ya tofa yawu a tafinsa, ya zare dalmar daga ƙugiya ya ajiye. Ya ɗauko dutse ya kai bakin ƙofa. Dutse ya ƙi shiga. Ya juya shi ta gefe, ya ƙi. Ya juya ta tsaye, ya ƙi. Mutumin da ya auna nauyi sau huɗu bai auna faɗin ƙofa ko sau ɗaya ba, ga shi dutse mai nauyin dalma ya ninka ta girma har huɗu. Ita dalmar kuwa ta gangara ƙarƙashin tebur. Lilon ya fara rage tafiya.

Keziah ta ce, "Asa!"

Asahel ya ce, "Dattijo, hannunka! Kama ƙugiyar nan ka ja ƙasa!"

Dattijo Peck bai taɓa karɓar umarni daga kowa ba in ba daga Littafi Mai Tsarki ba, amma sai ga shi a durƙushe, hannunsa cikin agogo har kafaɗa, kumatunsa manne da katako. Lilon ya farfaɗo.

Asahel ya ce, "Yauwa. Laba goma sha biyu za ka ja, kada ka ƙara, kada ka rage."

"Yaya zan san laba goma sha biyu, kai mutumin nan?"

"Saurari bugunsa. Ka ji? Yanzu ka yi yawa. Sassauta kaɗan."

"A mayar da dalmar mana, in tashi!"

Keziah ta riga ta janyo kujera ta zauna. Ta ce, "A'a, Dattijo. Dalma ta fita, ta zama ta ƙasa. Ko so kake a ce shugaban kwamiti ya mayar da ita da hannunsa?"

Asahel ya kawo shawarar a faɗaɗa ƙofar da zarto. Keziah ta ce sai dai ya fara da wuyanta. Ya ce a rage dutsen, sai ya tuna in ya rage girma ya rage nauyi. Ya yi ta zagaya ɗakin yana magana shi kaɗai: abu ake so siriri, dogo, mai nauyi. A kusurwar ɗakin girki akwai gangar farin yashi, irin wanda matanmu ke barbaɗawa a daɓe. Yashi ya samu, saura abin zubawa. Buhunan gidan duk masu faɗi ne. Safar Keziah kuwa, ƙafarta kamar ta tsuntsu, ko laba biyar ba za ta ɗauka ba.

Daga nan idon Asahel mai gani ya sauka a kan ƙwaurin Dattijo Peck, wanda ba a yi irinsa ba a duk gundumar.

Dattijo ya ce, "Me kake kallo?"

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Don ƙasa ne."

"Tibbals, in ka taɓa ni, wallahi..."

Keziah ta ce, "Dattijon majami'a da rantsuwa? Ka kula da hannunka dai, na ji bugun agogon yana sanyi."

Dattijo ba shi da halin sakin ƙugiya ya kare kansa. Asahel ya kwance masa takalma, ya zare safa ta dama, ya zare ta hagu, ya cusa ɗaya cikin ɗaya don ƙarfi. Keziah ta juya fuskarta bango saboda kunya, amma kafaɗunta na ta rawa don dariya. Aka ɗora safa a sikeli, Asahel yana zuba yashi da cokali, yana tsayawa, yana ƙarawa, yana rage rabin cokali.

"Tibbals, hannuna ya mutu!"

"Saura kaɗan. Awo ba ya son gaggawa."

Ƙarfe huɗu saura minti goma ya ɗaure bakin safar da waya, ya zura ta cikin ƙofar, ta shige sumul. Ya rataye ta a ƙugiya yana cewa Dattijo ya saki a hankali. Duka ukun suka kasa kunne. Agogo ya ci gaba da bugawa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Abin da kawai ya canza, safar ta fi dalma tsawo, tana saurin kai ƙasa, sai an riƙa ɗaga ta safe da yamma maimakon sau ɗaya a yini.

Dattijo Peck ya bi ta bayan gonaki ya tafi gida, dalma a hammata, ƙwauri a waje. Duk da haka mata uku masu tsinkar wake sun gan shi, kuma uku sun isa.

Washegari majami'a ta cika fiye da yadda aka saba. Bayan wa'azi Dattijo Peck ya miƙe da takardarsa, hannun dama na rataye cikin ƙyalle. Ya ce sunan masoyan Sarki babu ko ɗaya a Wexbury. Sannan ya karanta sunayen waɗanda suka bayar, har ya zo kan "Keziah Munson, dalma, laba goma sha biyu." Daga baya an zuba harsashi ɗari da casa'in da biyu daga dalmar nan.

A bakin ƙofa Keziah ta tare shi, Asahel na gefenta yana kallon ƙasa.

"Dattijo, ka manta suna ɗaya. Eliakim Peck, safa biyu."

Ya dube ta, ya dubi jama'ar da suka yi cirko-cirko suna jira, sai tumbin nan ya fara girgiza don dariya. Ya ce, "Maman Jared, ki rubuta wa yaron nan ki gaya masa ya yi saiti da kyau. Ban durƙusa minti hamsin don ya harbi iska ba."