Hotuna Biyu na Inna Sahura

"To shi mai hoton mi ya ce?" Inna Sahura ta tambaye ni, ba ta ɗago daga geron da take tsincewa ba.

"Ya ce a jiƙa su a ruwa, a ɓamɓare a hankali. Ɗaya zai iya fita, Inna. Amma ɗayan zai tafi."

"Wane?"

"Wanda kika ce a haƙura da shi."

Ta ci gaba da tsince tsakuwa.

Yayar mahaifiyata ce. A Gwashi aka haife ta, can ta yi aure, can ta binne mijinta Hammadu bayan doguwar jinya. Ɗansu Halilu ya fita wata safiya zuwa Nasarawa Burkullu a kan babur, 'yan bindiga suka tare hanya, har yau babu labari. Da ƙauyen ya ƙi zaunuwa, ta ɗauko jikarta Rahina, 'yar Halilu, suka dawo Gummi. Surfe da bakace take yi a gidajen mutane.

Abin da ta fito da shi daga Gwashi kwalla ce guda, ɗaure da tsohon zane. A ciki akwai addu'o'in da surukinta ya rubuta da tawada, da takardun jangali na tun kakanni, da katin awon Rahina, da hotuna biyu. Na Hammadu an ɗauke shi ranar wata kasuwa, na Halilu kuma don jarrabawar makaranta. Babu wasu bayan su. Ta haɗa su fuska da fuska don kada su karce.

Da ruwa ya ci unguwarsu a damina, kwallar ta kwana a cikinsa. Ta fito da komai ta shanya a rana kan tabarma, yadda ake yi wa dawar da ta jiƙe. Takardun suka bushe, tawadar ta ɗan zuba. Hotunan kuwa suka manne kamar abu ɗaya.

Tun daga nan muka fara gyara. Na samo ledoji, kowace takarda da tata. Ita tana faɗin ta wane ce, ni ina rubutawa a jiki. Ba ta kuka, ba ta kuma ƙara komai a kan abin da na tambaya.

Rahina ta shigo da tulu, ta tsaya a kanmu.

"Kaka, a fitar da na Baba mana. Ni ban ma tuna hancinai ba."

"Hancin nan da kike shaƙar tuwona da shi, shi ne nashi. Aje tulun."

Yarinyar ta yi dariya kaɗan, ta shige ɗaki.

Inna ta karɓi hotunan, ta juya su. Baya fari, baya fari. Ta daɗe tana kallo.

"Saminu, da anka ɗauke min su, ba wanda ya tambaye ni. Yanzu kuma a ce in zaɓa?" Ta miƙo mini. "Rubuta Hammadu nan. Juya, ka rubuta Halilu. In Rahina ta girma ta jiƙa abinta."

Na rubuta, na sa a leda. Ta rufe kwallar, ta tura ta ƙarƙashin gado.

Sannan ta ɗauki taɓarya da faifai, ta fita. Akwai surfen biki a gidan maƙwabta, suna jiran ta.