Garin da Babu Inuwa

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da na ɗora mahaifina a jirgin sama a cikin shagona ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ji fankar kwamfuta tana kuka da tsakar rana sai tsigar jikina ta tashi.

Baba mutum ne da ya cinye ƙuruciyarsa a kan manyan motoci, yana ɗauko kaya ta Mayo-Oulo yana kawowa Garwa. Ba ya tsoron dare, ba ya tsoron 'yan fashi, amma a ambaci jirgin sama sai ya canza hira. Saboda wannan tsoron ya yi ta ɗage aikin Hajji. Inna, mahaifiyarmu, ta so su tafi tare, kullum amsarsa ɗaya ce: sai baɗi. Har ta laƙaba masa suna, Alhajin baɗi, kuma ita kaɗai ke da bakin kiransa haka. Ta rasu ba ta je ba. A shekarar da nake ba ku labari mun samar masa kujera, tafiya ta matso, sai ya fara cewa ƙafarsa na ciwo, a bari tukuna. Likita kuwa ya riga ya gaya mana a ɓoye cewa in bai je bana ba, da wuya jikinsa ya sake ɗaukar tafiyar.

Ni mai gyaran kwamfuta ne, kuma a lokacin ina ji da kaina. Ina da wata tsohuwar kwamfutar wasa da na saya gwanjo, wadda a zamaninta ta yi tashe. Na aro kask a wurin wani abokina, wato tabarau ɗin nan mai kauri da ake ɗaurawa a fuska, duk inda mutum ya juya kai ya ga kamar yana cikin wurin. Dabarata ita ce Baba ya ɗanɗani tashi sama yana zaune a kujerar roba, tsoron ya fita. Abokin ya ce, "Tsohuwar nan taka ba za ta ja ba, mon frer, ɗan'uwana. Kask hoto biyu yake nema, kowane ido da nasa." Na ce ya bar ni da ita.

Gaskiya ya faɗa. Da na kunna wasan tuƙin jirgin, hoton sai tsalle yake kamar mai shaƙuwa. Sai na shiga rage mata kaya. Na cire gajimare, na cire motoci, na cire mutane da dabbobi. Da ta ci gaba da nishi, na kashe inuwa ma, don inuwa ce ta fi cin ƙarfin katin hoto, wato abin da ke zana hoton a cikin kwamfutar. Nan ta daidaita, ni kuma na yi ta yi wa kaina kirari.

Baba ya zo da rana tsaka, a watan da zafin Garwa ke hana kaza fitowa. Unguwa shiru, kowa ya shige ɗaki. Ya dubi kask ɗin ya ce, "Wannan takunkumin za ka sa mini?" Na ɗaura masa, na riƙe sandar tuƙi, ina ganin abin da yake gani a allona. Muka tashi daga filin jirgin Garwa. Ya damƙe hannun kujera yana salati. Can ya ɗan saki jiki, har ya nuna gada da kogin Binuwai da yatsa. Na ce a raina, aiki ya yi.

Sai muryarsa ta sauya.

"Ina mutane?"

"Na cire su, Baba. Sun yi wa injin nauyi."

"Babu ko akuya. Kasuwa a buɗe, babu kowa." Ya juya kai hagu da dama. "Kai, garin nan ba shi da inuwa."

Na dubi allon da idonsa. Gidaje a tsaye, itatuwa a tsaye, rana fetal, amma babu abin da ya ajiye inuwa a ƙasa. Mu kuwa tun muna yara an gaya mana waɗanne halittu ne ba su da inuwa, kuma da tsakar rana suke yawo.

Ya ce in kai shi gida. Na karkata jirgin zuwa unguwarmu, na yi ƙasa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, hotunan ƙasa da wasan ke amfani da su daga tauraron ɗan adam suke, namu na nan kuwa tsofaffi ne, ba a damu da sabunta su ba. Ga gidanmu, amma na da. Ga darbejiyar da muka sare bayan rasuwar Inna. Ga ɗakinta da muka rushe muka yi shago. A ƙofar ɗakin kuma ga wani farin abu a shimfiɗe, daidai inda take baza farin zane ta shanya kuɓewa.

A nan kwamfutar ta ƙame. Jirgin ya tsaya cak a sama, ƙarar injin ta maƙale tana maimaita kanta, fanka na kuka, warin ƙuna ya fara tashi. Na kai hannu zan cire masa kask, ya buge hannuna.

"Bar ni."

Ya sunkuyar da kai kamar mai leƙa rijiya, ya ce a hankali, "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam."

Na kusa faɗuwa daga kujera. Yayata ce a bakin ƙofa da kwanon abincinsa; ta ji sallama ta amsa, kamar yadda kowa zai yi. Sai dai duk dangi sun san muryar Yaya muryar Inna ce sak. Baba bai ji shigowarta ba.

"Ashe kina nan," in ji shi. Hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin kask ɗin. "Ban kai ki ba. Ki yafe mini."

Na yi wa Yaya alama ta yi shiru. Ba ta ko dube ni ba.

"Na yafe. Tashi ka tafi, Alhajin baɗi."

Allon ya yi baƙi. Katin hoton ya ƙone, bai sake tashi ba. Baba ya cire kask da kansa, ya dube ni, ya dubi Yaya, bai tambayi komai ba. Ya nemi buta kawai. Daga baya na tsare Yaya na ce me ya kai ta. Ta rantse cewa ta tuna ta amsa sallama, ta tuna ta ce ta yafe don tausayi, amma sunan nan ba ta san ya fito daga bakinta ba. Ni dai da kunnena na ji, kuma ba na so in zurfafa.

Washegari Baba ya fara zaga dangi da maƙwabta yana neman gafara, kamar yadda mai tafiya Makka ke yi. Ciwon ƙafa bai sake tasowa ba. Ya hau jirgi, ya sauke farali, ya dawo lafiya. Da na tambaye shi ko ya ji tsoro, ya ce, "Da muka tashi na leƙa ta taga. Na ga inuwar jirginmu tana gudu a kan gonaki, sai na san da sauran kwanana. Naka ne abin tsoro, ba nasu ba."

Har yanzu samari na zuwa shagona suna tambaya ko tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗaukar tuƙin jirgi da kask. Nakan ce za ta iya, in ka yarda ka zubar da wasu abubuwa, amma ka duba da kyau me kake zubarwa. Ranar na koyi cewa abin da na ɗauka nauyin banza ne, inuwa da akuya da mutanen kan hanya, su ne ke shaida wa mutum cewa yana raye. Tun daga nan ko hoto zai yi ta tsalle, ban sake kashe wa kowa inuwa ba.