Kifi Mai Bakin Aku da Akwatin Yayana

Yayana ya yi shekaru masu yawa a Kwatano yana aikin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Da matarsa ta rasu, ƙafafunsa kuma suka fara kumbura, sai ya tattaro ya dawo gidanmu na gado a cikin Birnin Damagaram, inda nake zaune tun da na ajiye aikin koyarwa. Cikin kayan da ya zo da su har da wani akwatin gilashi, tsawonsa kamar na ƙaramin tebur. Ya kafa shi a ɗakinsa, ya jera duwatsun teku masu ramuka a ciki, ya dama ruwa da wani gishiri na musamman da ake aiko masa a buhu, ya saki ƙananan kifaye biyar. Biyu ruwan lemo ne da farin zane, sauran shuɗaye, babu wanda ya wuce tsawon yatsa.

A garin da famfo kan yi kwana uku bai ɗigo ba, dole mutane su yi magana, kuma sun yi. Ni ma ban so abin ba da farko. Amma na lura idan ya dawo daga sallar asuba gaban akwatin yake zama da kofin shayinsa, kuma a nan kaɗai fuskarsa take sakewa. Sai na ƙyale shi.

Mutumin da yake kawo masa gishirin mai safarar motoci ne tsakanin Kwatano da Damagaram. Dogo ne, mai fara'a, kullum cikin ƙamshin turare. Tun ranar farko bai kwanta mini ba. Yana dariya tun yayana bai kai ƙarshen zance ba. Yana yabon komai, har tsohuwar tabarmar da muke shimfiɗa masa. Idan yana gaishe ni kuma idonsa ba ya kaina, yana kan katanga, yana kan ƙofofin ɗakuna, kamar mai auna gidan. Na sa a raina akwai abin da yake nema, ko gonarmu ta Mirriya, ko mutanen da yayana ya sani a tashar jiragen ruwa.

Wata rana da la'asar ya zo, bayan an gaisa ya ciro salularsa ya ce, "Alhaji, na samo maka abin da babu mai irinsa daga nan har Yamai."

Ya nuna mana bidiyon wani kifi. Gaskiya ban taɓa ganin halitta mai kyansa ba. Kore ne da shuɗi, da ɗigon ja a gefen fuska, bakinsa kuwa sak na aku, haƙoran sun haɗe sun zama abu guda. Yayana ya riƙe salular da hannu biyu, ya ce ya san irinsa, ya taɓa gani a gidan wani Bature, ya daɗe yana sha'awa.

Na ce, "Girmansa fa?"

"Hajiya, ɗan ƙarami ne. Kamar tafin hannuna, ko ya ɗara kaɗan."

"Na wane ne?"

"Na wani abokina mai otel. Kyauta zai bayar. Ni kuma in sako shi a tano, gangar ruwan nan, da na'urar iska, kwana biyu ya iso."

Kalmar kyautar ce ta tsaya mini a wuya. Na ce ya turo mini bidiyon. Ya turo.

Ilimin halittu na koyar a kwalej, amma kifin teku ba mu wuce shafi biyu a kansa ba. Washegari na ciro tsoffin littattafaina, na kuma bincika a salula. Abin da na samu bai yi mini daɗi ba. Wannan kifi da bakinsa yake kankare duwatsun murjani don ya ci gansakukar da ke jikinsu, ya niƙe dutsen a cikinsa, ya fitar da shi yashi. Wuni yake yana yawo yana kiwo kamar akuya a saura. Wasu irinsa kan kai tsawon hannun babban mutum. Masu kiwon kifi da yawa sun ce ko a manyan akwatuna da wuya yake karɓar abincin gwangwani, yakan rame a hankali har ya mutu.

Sai na koma kan bidiyon. Na kalle shi ya fi sau ashirin. Wanda ya ɗauka ya matso da salular sosai, ba a ganin gefen akwatin, ba a ganin hannun kowa. Amma dab da ƙarshe hannunsa ya ɗan karkace, sai ga bayan wata kujerar roba jingine da gilashin, irin fararen nan da ake jerawa a wurin biki. Kifin ya gifta ta bayanta. Na tsayar da hoton a daidai nan. Kansa ya fito ta wannan gefe, wutsiyarsa ba ta gama shiga ta wancan ba.

Muna da irin kujerar a tsakar gida. Na ɗauko igiyar awon ɗinki na auna bayanta, na ƙara abin da ya yi saura a hoton, na yanke zare daidai tsawon. Na shiga ɗakin yayana na miƙa zaren a jikin akwatinsa. Ya kusa cinye rabin tsawon akwatin, ya kuma fi faɗinsa.

Na ce, "Yaya, wannan ne tafin hannun. Idan ya shiga nan, ko juyawa sai ya lanƙwashe."

Ya dubi zaren, ya dube ni. Ya ce, "Ke dai tun kina yarinya ba ki taɓa yarda da kowa ba."

"Ba maganar yarda ba ce. Ga awo."

"Awon kujerar da ba ki taɓa gani ba? Ki faɗi gaskiya, akwatin ne ya ishe ki. Ina jin ki da mai ga-ruwa kullum kuna ƙorafin jarka."

Maganar ta yi mini zafi, don akwai ɗan gaskiya a cikinta. Na fita. Kwana uku muna gaisawa kawai. Ni ina zargin baƙonsa, shi yana zargina, har na lura ya fara rufe ƙofarsa idan zai je masallaci, abin da bai taɓa yi ba. Na zauna na tambayi kaina ko ƙiyayyar mutumin ce ta sa nake ganin kifin ya fi girmansa. Na sake aunawa. Zaren bai ragu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko mutumin ya dawo, ya ce jibi zai kama hanya, yana so a ba shi amsa. Na kawo musu fura, na ja kujerar robar na zauna a kanta maimakon in koma ɗaki. Yayana ya harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Na ce, "Malam, akwatin abokin naka, wanne ya fi girma, shi ko na yayana?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai Hajiya, na otel ne. Ya yi uku na wannan."

"To me ya sa zai rabu da kifi mai kyau haka?"

"Mutumin kirki ne, na ba shi labarin Alhaji."

"Kafin ka ba shi labarin Alhaji, wa ya yi wa tayi?"

Dariyar ta tsaya. Ya kurɓi fura, ya goge baki. Na miƙa masa salulata da hoton a tsaye, na nuna masa kujerar, na ajiye zaren a kan tabarma tsakaninsu. Ya daɗe yana kallon hoton.

Yayana ne ya yi magana, a hankali. Ya ce, "Ka faɗa mini yadda abin yake. Ba zan ji haushi ba."

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce mai otel ɗin ya gaji da kifin ne. Ya cinye masa duwatsu, ruwa kullum a gurɓace da farin yashi, na'urar tacewa tana toshewa, ƙananan kifayen sun daina fitowa daga ramukansu. Ya yi wa mutum biyu tayi sun ƙi. Ya ce, "Wallahi Alhaji, ni gani na yi kana so. Na ce idan ya zo ka gan shi da idonka, za ka san dabarar da za ka yi."

Yayana ya ɗauki zaren ya tashi da ƙyar, ya shiga ɗakinsa. Ta taga na hango shi ya miƙa zaren a jikin gilashin da kansa, ya juya shi ta faɗi, ya tsaya yana kallon 'yan kifayensa suna shige da fice a cikin duwatsu. Da ya fito sai ya ce, "Ka gode wa abokin naka. Ka ce ba ni da wurinsa."

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da yamma dai ya kira ni in zo in ga yadda shuɗin nan guda yake korar 'yan'uwansa daga raminsa, na zo na tsaya a bayansa muka kalla tare.

Mutumin bai daina zuwa ba. Har yau shi yake kawo gishiri, kuma har yau bai tambayi gona ba, bai nemi a haɗa shi da kowa ba. Na tambaye shi sau ɗaya yadda aka yi da babban kifin, ya ce an mayar da shi teku. Ban yarda ba. Zatona a kicin ɗin otel ɗin ya ƙare.

Bayan watanni ya kawo wa yayana wasu ƙananan kifaye biyu masu ratsin rawaya, ya rantse ba sa wuce haka. Kafin su gama gaisawa na riga na nemo sunansu a littafi. Wannan karon gaskiya ya faɗa. Duk da haka na ce a ajiye su a wani bokiti daban na sati biyu, a ga ko suna ɗauke da cuta kafin a haɗa su da na gida. Mutumin ya ce babu buƙata, lafiyarsu ƙalau. Yayana ya ce a yi yadda na ce.