Baba Ilu na ƙarshen kanal da waifai ɗina

Ina tsaka da tura rajistar manoma talatin jiya a shagona na Kura, waifai ɗin intanet ɗina ya fara tafiyar hawainiya. Ga shi ranar za a rufe rajistar taki.

Na kira Injiniya Sani. Ya zo ya dudduba, ya ce yana zargin cunkoso ne, don zangon da waifai ke bi a iska ba shi da mai shi, kamfanonin waya ma suna da damar shigowa da sabis ɗinsu. Ƙa'idar dai, kowa ya saurara, in hanya ta yi sarari ya wuce.

Baba Ilu, wanda gonarsa ke can ƙarshen kanal ɗin ban ruwa, yana kan benci yana jira. Ya ce, "Injiniya, a wannan zangon naku, wa ke tsaron ƙofar ruwan?"

Sani ya ce, "Babu, Baba. Kowace na'ura ita ke tsare kanta."

Baba ya gyara hula, ya dube ni. "Ɗana, mu da muke da mai tsaro ma, tumatirina sau biyu yana bushewa."

Na samu na tura rajistar dab da la'asar, tasa ce ta ƙarshe.

Jama'a, kun taɓa ganin rabon da babba ya jira ƙarami don kansa?